Guzurin Inna na shiga jirgi

Baban Bushira,

Mun tafi Birnin Kebbi ni da Inna, ban tashe ka ba. Kununka na cikin hulas.

Jiya ka ɓata mata rai. Ƙanenka Waliyyu ya biya mata jirgi zuwa Sakkwato ne don ta saba kafin Hajji, kai kuma ka zauna kana dariyar dambu da furar da ta ɗaure. Gaskiya ne, kafin ta kwance ƙullin an sauka, tafiyarmu daga Aliero zuwa filin jirgi ma ta fi ta sama tsawo. Amma tsoro take ji. Gida gida ta bi tana neman gafara, har matar da ba su magana.

Abu guda ta roƙa. Da hantsi ka sa farar rigarka, ka tsaya bakin gonar albasa, ka ɗaga hannu sama don ta hango ka daga jirgi.

Na san ba ta nan jirgin zai bi ba. Ka tsaya dai. Za ta tambaye ka, kuma kai ba ka iya yi mata ƙarya.

Taka,
Raihanatu