Wuyan Rigar Inna

Yaya Tatsuo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar Baba? Kun gama yankan shinkafa? Ni lafiya lau, ido ne kawai ke min ruwa saboda aikin zanen fim. Kada Baba ya ji.

Ka ce jaridar Akita ta yabi sabon fim ɗin zanen daraktanmu, wai babu wanda ya san darajar uwa kamarsa. Don Allah kada ka sake rubuto min wannan.

A fim ɗin akwai tsohuwa tsaye bakin gona, ɓarin dama na rigar kimononta a kan na hagu, yadda ake sa wa gawa. 'Yan jarida sun ce hikimarsa ce, wai alama ce ta riga ta mutu. Ni na zana ta, kuma fuskar Inna ce. Ranar da ka kira ka ce jikinta ya yi tsanani, na rusuna na roƙi darakta izinin zuwa gida. Ya ce, "Chizuru, kowa a nan yana da uwa. Gama zanenki tukuna." Kafin in iso ta rasu, har kun shirya ta. Yadda na gan ta ƙarshe, haka hannuna ya zana, ban ma lura ba.

Da ya gani, a gaban kowa ya ce, "Baƙauyiya, ko riga ba ki iya sawa ba?" Sai ya ƙura wa zanen ido, ya ce a bar shi haka.

Ka kunna wa Inna turare a madadina. In fim ɗin ya iso garinmu, je ka kai kaɗai. Kada ka kai Baba, zai gane ta.

Ƙanwarka,
Chizuru