Mijin ƙanwata ya cire liyan ɗina daga shafinsa

Wannan saƙo ne daga wani ɗan zauren nan, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana cina ne, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, don duk wanda zan faɗa wa ya san mutumin da zan yi magana a kansa.

Ni mutumin Matameye ne, ina da ɗan shago kusa da tasha, ina gyaran salula da ordinata, wato kwamfuta, ina kuma buga wa mutane takardu. Shekara tara ke nan da na buɗe shafi a intanet, wato sit, ina sa farashin kayan garka na kasuwarmu, tumatir, kabeji, tattasai, rake, da Hausa da Faransanci. Lokacin babu mai irin wannan a duk yankinmu. In ɗan kasuwa a Damagaram ko Yamai ko ƙetaren iyaka ya rubuta "raken Matameye" a injin bincike, shafina ne yake fara fitowa, sai ka ji an kira ni ana tambayar nawa ake sayar da kwando yau. Gaskiya na ji daɗin shekarun nan, mutane sun san ni da abin.

Yadda na kai shafin sama shi ne musayar liyan. Ga wanda bai sani ba, liyan shi ne adireshin wani shafi da kake sawa a cikin naka, mai karatu ya danna ya tafi can. A wancan lokacin abin da muka sani shi ne, injin bincike yana duba shafuka nawa ne suke nuni da naka, in suna da yawa sai ya ɗauka kai mai daraja ne ya sa ka gaba. To sai mu yi yarjejeniya, ka sa ni in sa ka. Na buɗe gurup na masu shafuka, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, har na tara kusan tamanin a wani fejin da na kira "Abokan hulɗa". Akwai mai otal a Agadas, akwai mai turare a Maraɗi, akwai mai labarin ƙwallo a Kotonu, akwai wanda ban ma san me yake rubutawa ba. Babu ruwansu da tumatir, ni ma babu ruwana da ƙwallo, amma abin yana aiki. A gurup ɗin Mushe suke ce mini, wato malam da Faransanci, duk wanda shafinsa ya samu matsala ni yake nema.

Mutumin da nake magana a kai mijin ƙanwata ne, zan kira shi Habu, ba sunansa ba ne. Ya yi karatun noma bai samu aiki ba, yana taimaka wa mahaifinsa a garkarsu ta wajen Kurni. Shekara uku da suka wuce ya zo shagona ya ce yana son shi ma ya riƙa rubuta wani abu kan noma. Ni na zauna na gina masa shafin da hannuna, ni na koya masa yadda ake sa hoto, ni na sa shi a gurup, kuma liyan na farko da ya taɓa samu a duniya nawa ne. Mutum ne mai nawa a aiki, sai ya yi sati biyu ko uku a kan rubutu ɗaya, ya hau moto, wato babur, ya je garka ya ɗauki hoton ganye, ya tambayi manoma, ya dawo ya rubuta abu mai tsawo kamar zai ba da jarrabawa. Ina yi masa dariya, ina ce masa Habu wa zai karanta wannan duka, ka nemi liyan kawai ka huta.

Daga bara ne na fara lura masu shigowa shafina suna raguwa. Na ɗauka matsalar rezo ce, wato sabis ɗin intanet, ko mutane sun koma kallon bidiyo. Sai wata rana na gwada binciken da kaina, na ga na sauka na huɗu, bayan wata biyu na ga na koma feji na biyu, inda ba wanda yake zuwa. Abin da na sani shi na ƙara yi, na nemo sababbin mutane goma sha biyar muka yi musaya, shafin bai motsa ba, ina jin ma ƙara sauka ya yi. Sai da na tsaya na karanta abin da masu harkar suke rubutawa na gane cewa injin binciken ya daɗe da gano dabarar. Yanzu in ya ga na sa ka ka sa ni, kuma shafukanmu ba su da wata alaƙa, ko dai ya yi kamar bai gani ba, ko ya ɗauke ka mai wayo ya rage maka daraja. Liyan da yake ɗauka da muhimmanci shi ne wanda wani ya sa don kansa saboda ya ga amfanin rubutunka. Wato shekara tara ina tara abin da yanzu ba ya sayuwa.

Kuma wanda yake na ɗaya a wurin da nake a da, Habu ne. Nan ne ciwon yake ƴan uwa, da wani baƙo ne daga Yamai wallahi da sauƙi.

Rubutun da ya ɗaga shi kuwa a kan tsutsar da ke shiga cikin rake ne. Wata rana muna shan shayi a ƙofar shagona na ba shi labarin yadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake gane raken da tsutsa ta shiga tun daga nesa, in ya ga ganyen tsakiya ya bushe sauran suna kore sai ya tuge shi ya ƙone kafin ta yaɗu. Hira ce kawai nake yi. Shi kuwa ya ɗauka, ya je Dawce da Ɗan Barto ya tambayi masu garka, ya tsaga rake ya ɗauki hoton tsutsar, ya rubuta. Ya ma ce a ciki daga wani dattijo na Matameye ya samo asalin maganar, ya yi masa addu'a. Ƙungiyar manoma ta sa liyan ɗin rubutun a shafinta, wani malamin makarantar noma ya sa, gidan rediyon karkara ya karanta shi. Babu wanda ya roƙa, babu wanda ya ce masa sai ka sa ni. Ni kuwa ilimin babana ne, yana kaina tun ina yaro, ban taɓa tunanin in rubuta ba. Na san bai sace mini komai ba, amma zuciyata ta ƙi yarda da haka.

Wata uku da suka wuce ya zo shago bayan la'asar, ya gaishe ni ya zauna, ya daɗe yana juya makullin moto a hannu kafin ya ce, "Yaya, ina so in cire fejin abokan hulɗa daga shafina, kuma zan fita daga gurup. Ban so in yi ba tare da na faɗa maka ba." Na ce har da nawa? Ya ce, "Har da naka a cikin wancan jerin. Amma Yaya, kai ne ka san yadda farashi yake hawa da sauka a kasuwar nan shekara da shekaru, babu wanda ya kai ka. Ka rubuta wannan, ni kuma in yi nuni da shi a cikin rubutuna, wannan ya fi maka tamanin ɗin can. Kai ma da za ka ji tawa, da ka rufe naka fejin." Maganarsa gaskiya ce, kuma cikin ladabi ya yi ta, amma abin da kunnena ya ji shi ne wanda na koya wa riƙe linzamin ordinata yau shi ke ba ni darasi. Na faɗa masa maganganun da bai kamata ba, na ce ya hau ta kaina ya kai sama yanzu yana ganin na zame masa datti, na ce har labarin ubana ya sayar. Bai rama ba, ya ce in yi haƙuri, ya tashi ya tafi. Washegari ya cire fejin.

Bayan nan abubuwa suka yi ta zuwa a jere. Akwai wani Alhaji mai sayar da iri da injin ban ruwa, shekara biyar tallarsa tana shafina, ya tsaya da mota a ƙofar shago ya ce, "Malam, kar ka ji komai, kasuwa ce, yarana sun ce yanzu wurin surukinka mutane suke." Har yana ce mini ai duk gida ne. Sai masu wani furoje, wato shirin tallafin noma, suka gayyaci Habu zuwa Damagaram ya koyar da matasa yadda ake rubuta bayanin noma a intanet, kwana uku, aka sa hotonsa yana tsaye gaban allo. Na kalli hoton nan ya fi sau ashirin. Ranar sunan ɗansu shi da ƙanwata kuma, ina zaune cikin mutane, sai Innarmu ta ce da ni a gaban kowa, da zuciya ɗaya, "Ka ga Habu an ce ya zama babba a wannan abin naku, kai ma ka riƙa zama kusa da shi ka koya." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Yanzu ga abin da na yi, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Tunda ni na gina masa shafin, lambar sirrin shiga tana wurina. Wata safiya babu kowa a shago na gwada, sai ga shi ta buɗe. Na ga yawan masu shiga masa a rana. Na buɗe rubutun raken, na kai linzami kan wurin gogewa, na daɗe a haka. Allah ya taimake ni ban danna ba. Amma ban fita haka nan ba, na je can ƙasan shafin na sa liyan ɗina da launi mai kama da na bango, yadda ido ba zai gani ba sai injin bincike. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na san ɓoyayyen liyan irin wannan yana iya jawo a hukunta shafin mutum a saukar da shi. Na sani sarai. Na ce a raina in nawa ya hau to, in nasa ya sauka ma to.

Kwana goma ban sake dubawa ba, kunya da tsoro suka hana ni. Sai ƙanwata ta biyo ta shago za ta kai wa Inna abinci, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta shigo ba, ta ce, "Yaya, ka duba shafin baban yara kuwa kwanan nan?" Na ce a'a, me ya faru. Ta ce, "Tun washegari ya gani. Ni na ce ya canza lambar, ya ce in ya canza kamar ya kira ka ɓarawo ne, ba zai yi ba." Sannan ta ce, "Ni dai ban taɓa zaton haka daga gare ka ba," ta ɗauki kwanonta ta wuce.

Na buɗe shafin nasa. Ɓoyayyen liyan ɗin babu shi. Amma a cikin rubutunsa na tumatir, daidai inda yake maganar lokacin da ya kamata manomi ya kai kaya kasuwa, ya sa layi ɗaya a fili, ya ce wanda yake son farashin Matameye na kowace rana ya duba shafin yayana, shi ya koya mini wannan aikin. Kuma ga abin da ya fi ƙona ni, daga wannan layin ɗaya mutanen da suka shigo mini a sati biyu sun fi waɗanda tamanin ɗin nan suka kawo mini a wata shida. Har wani ɗan kasuwa ya kira ni daga Damagaram, na tambaye shi ina ya samu lambata, ya ce ta wurin Habu. Maimakon in ji daɗi sai na ji har a kirki ma ya sha gabana. Tun daga ranar mun haɗu a masallaci sau biyu, ya gaishe ni kamar kullum, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

To ƴan uwa, me zan yi? Masu sanin harkar intanet a cikinku, in rufe fejin abokan hulɗar nan? In na rufe, me zan ce wa mutanen da ni na tara su, na ce musu wannan ita ce hanya, wasu har yau suna turo mini saƙo Mushe ga sabon shafi a sa shi? In faɗa musu gaskiya gurup ɗin ya watse, ko in yi shiru kowa ya gano da kansa? Sannan shi Habu, in je in same shi in faɗa da bakina cewa har gogewa na so in yi, ko tunda ya rufa mini asiri in bar maganar a rufe? In rubuta abin da ya ce in rubuta, alhali na san duk wanda ya karanta ta ƙofarsa ya shigo?

Don Allah ban da zagi, na riga na zagi kaina. Wanda ya taɓa jin hassadar mutumin da bai yi masa komai ba sai alheri, ya faɗa mini yadda ya yi ta fita. Ina addu'a, ina istigfari, amma har yau in na buɗe shago na kunna ordinata, sunansa nake fara bincikawa kafin nawa.