Sallama Uku a Cikin Kaset

Batsari, Satumba 1993

Zuwa ga ƙanwata Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Lawal da yara. Ya damina, ya kuma wannan tsada? Matata Jannatu tana gaishe ki.

Bayan haka, maganar Baffa ce ta hana ni sakat. Kin san Kawu Sahabi ya ɗaura aniyar kora shanu kudu da an yi kaka, kuma ya ce bana ba dawowa. Tsorona mahaifinmu ya bi shi da 'yan shanun da suka rage masa, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Na samar masa fili a Karare, kusa da rijiya, har ɗaki na gyara. Da Babbar Sallah na gaya masa, kina wurin. Ya dubi ƙasa, ya tambaye ki ko an ba baƙo ruwa. Ni ne baƙon! Kunyar ɗan fari dai, har furfura ta fara fito mini Baffa bai taɓa kiran sunana ba.

Na yi tunanin abin da ba zai iya faɗa mini ido da ido ba, wataƙila ya faɗa ta waya. To ni kullum ina ƙauye wajen allurar dabbobi, Jannatu tana makaranta, wayar gidan gwamnatin nan da muke ciki sai ta yi ta kuka ba kowa. Sai wani abokin aikina da aka yi wa canji ya bar mini akwatin amsa waya. Jiya na wuni a kansa. Ana zare igiyar waya daga bango a cusa a bayansa, a ja wata gajera zuwa wayar. Kaset biyu ne ƙanana a ciki, ɗaya na muryar mai gida, ɗaya na masu kira. Da yake wuta sai ta ga dama take zuwa, na haɗa masa batirin babur ɗina, tunda babur ɗin ma ba mai, yana jingine kamar tsohon jaki.

Ɗaukar murya ce ta ba ni wahala. In na fara da sallama da gaisuwa, kafin in kai ga magana kaset ya yanke. Dole na datse, na ce: "Nan gidan Armaya'u ne. Ba ma nan. In ka ji ƙara, faɗi sunanka da abin da ke tafe da kai." Jannatu ta yi ta dariya, wai kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo.

Don Allah in Baffa ya shigo Safana daga Babban Duhu, ki ba shi lambar. Malam Uwaisu masinjan sakatariya yana buga wa mutane. "To" kawai nake so in ji.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Armaya'u

Safana, Satumba 1993

Yaya Armaya'u,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da ladabi, ina gaida Jannatu da kyau.

Oh ni Hansai! Mutane na neman hatsin tuwo, kai kana koya wa akwati magana. Malam ya ce in tambaye ka, in an yi baƙi shi ma akwatin ke kawo masu fura?

Baffa ya shigo ranar kasuwa, na gaya mashi kana so ya kira ka ta waya. Na rubuta lambar a bayan kwalin ashana na miƙa mashi. Ya karɓa. Ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya cusa a naɗin rawaninshi, ya ce, "Mutumin Batsari dai ba ya gajiya." Ko yabo ne ko zagi, Allah masani. Amma Yaya, kada ka sa rai. Mutumin da ko rediyo ba ya yarda ya taɓa, shi ne zai kara waya a kunne?

Kawu Sahabi kuwa har ya fara sayar da tumakin da ba za su iya tafiya ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Hansai

Batsari, Oktoba 1993

Hansai,

Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

Wani abu yana faruwa a gidan nan. Rannan mun dawo da la'asar muka tarar 'yar jar fitilar akwatin tana ƙiftawa, alamar an bar saƙo. Na danna. Layi yana ta shuu kamar ana ruwa a kan kwano, sai daga can ƙasa wata murya ta ce, "Salamu alaikum." Shiru. Mai tsawo, har na zaci an ajiye. Sai kuma, "Salamu alaikum." Shiru. Ta uku ta fi sauran sanyi, daga ita sai ƙit, an ajiye. Ba suna, ba magana.

Mako ya zagayo, haka. Wani makon ma haka. Jannatu ta ce wallahi ba mutum ba ne, ta daina shiga falo ita kaɗai, ta yafa wa akwatin zane. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne, duk sanda na kunna sai na ji bakina ya amsa sallamar da kansa, ni kaɗai a ɗaki, ina amsa wa kaset. Kuma wannan shirun da ke tsakani ba shirun banza ba ne, Hansai. Jira ake yi.

Na ce ko Baffa ne. Na kunna har kaset ya fara laushi, na kasa tantancewa. Sai na lura da abin da ya ba ni kunya da baƙin ciki: ban san muryar Baffa sosai ba. Na san yadda yake kiran shanu, na san yadda yake yi miki faɗa, amma muryar da zai yi mini magana da ita ban taɓa ji ba.

Na buga wa sakatariyarku waya ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Mota kuma kin san halin da ake ciki, direbobi kwana suke yi a layin mai. Zan ba Sada direba wannan takarda duk ranar da ya samu ya tashi. Don girman Allah ki je ki tambayi Malam Uwaisu.

Wassalam.
Armaya'u

Safana, Nuwamba 1993

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri tun kafin ka karanta.

Takardarka ta daɗe a aljihun Sada, sai shekaranjiya ta iso. Ko mayafi ban gyara ba na nufi wurin Malam Uwaisu. Yaya, Baffa ne.

Ashe tun daga Babban Duhu yake takowa da ƙafar nan tashi, ba ya biyowa ta gidana don kada in sani. Malam Uwaisu ya ce in zai shiga ofishin sai ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya ciro kwalin ashana daga rawani. In an buga an miƙa mashi, da hannu biyu yake riƙewa, a tsaye. Ya yi sallama, ya jira. Ya sake, ya jira. In ya yi ta uku sai ya miƙa wayar ya sa takalminshi.

A zuwan ƙarshe ne Malam Uwaisu ya ce, "Baffa, ba a samu ba ne?" Ya ce, "An samu. Shi ne da kanshi. Da bakinshi ya ce mani ba ya nan. Ya ce in faɗi sunana da abin da ke tafe da ni." Malam Uwaisu bai san da zancen akwati ba, balle ya fahimtar da shi. Ni kuma da na ba Baffa lambar, waya kawai na ce, ban kawo komai a raina ba. Wai sai Baffa ya yi murmushi ya ce, "Gidan da aka yi sallama uku ba a amsa ba, ai juyawa ake yi. Na ma wuce ƙa'ida."

Sun tashi, Yaya. Kafin takardarka ta zo sun tashi, shi da Kawu Sahabi. Da ya zo yi mani bankwana na tambaye shi Karare fa, ya ce mutumin Batsari yana da hidima da yawa, kada a ɗora mashi. Malam Uwaisu ya ce ranar da Baffa ya fara zuwa, cewa ya yi a buga mashi Batsari zai tambaya ko rijiyar Karare tana kai rani. Ka ji fa. Zuwa zai yi.

Ba wanda ya san inda za su yada zango. Tun shekaranjiya kuka nake yi. Ban ga laifinka ba, wallahi ban gani ba, amma na tsani akwatin nan.

Allah ya sada mu da alheri.
Hansai

Batsari, Janairu 1994

Hansai,

Gaisuwa mai yawa. Na je Babban Duhu a keke. Ba komai a rugar sai turaku da toka.

Ban cire akwatin ba. Muryata na goge na sake wata: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maraba, Baffa. Shigo." Duk wanda ya kira abin da yake ji ke nan. A ofis ana cewa na taɓu, ban damu ba, tunda kwalin ashanar yana cikin rawaninsa.

Jiya muka dawo fitilar tana ƙiftawa. Layin nesa ne ƙwarai. Ba a yi sallama ba, ba a ce komai ba, numfashi ne kawai, a hankali, har kaset ya ƙare ba a ajiye ba. Jannatu ta ce kuskuren lamba ne. Wataƙila. Amma ke kin san Baffa, in aka ce masa shigo, zama yake yi ya yi shiru.

Gobe zan je Karare in share ɗakin.

Ki sa mu a addu'a.
Yayanki, Armaya'u