Kusurwar da Saje Ya Hana Noma

Karaye, 6 ga Yuni, 1988

Zuwa ga Malam Lukumanu Shitu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Aƙilu Muntaka, sufeton makarantu mai ritaya, mai gonar Jajaye inda kangon barikin 'yan doka yake. Ɗantala, wanda ke noma mini ita, ya ce kun zo daga jami'a da turaku da igiya, kuna son tona ƙasa.

Ina da tambayoyi biyu. Wa ya turo ku? Kuma me ya haɗa binciken gini da zama a ɗakunan tsofaffin mata? Mahaifina, Saje Muntaka, ya riƙe barikin nan shekara goma sha tara ba a taɓa kama shi da laifi ba, kuma ba zan bari a ɓata sunansa ba.

Na yarda ku tona harsashin ginin. Kusurwar arewa kuwa, mahaifina ya hana a sa mata fartanya, haka za ta zauna.

Naka,
A. Muntaka

Rogo, 19 ga Yuni

Baba Sufeto,

Allah ya ƙara girma. Wallahi ba wanda ya turo mu. Mun samu maɓallan tagulla, da ankwa guda, da kwanson harsashi goma sha ɗaya. Rahoton Bature na 1942 ya ce lokacin dibar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza, maza uku sun tsere Zazzau, ba a yi harbi ba.

Gwaggo Tani, wadda kuka ji ina zama a ɗakinta, 'yar ɗaya daga cikinsu ce, mai suna Sulle. Ta tashi ana yi mata gorin ubanta ya gudu ya bar su. Da na nuna mata kwanson, sai ta ce, "Kai ɗan boko, mai gudu ne ya zubar da waɗannan? Ubana ko akuya ba ya bari a ɗaure a rana."

Baba, ruwan jiya ya zaizaye kusurwar arewa. Kasake sun fito, da ƙashi.

Ɗanka,
Lukumanu

Karaye, 23 ga Yuni

Malam Lukumanu,

Bayan gaisuwa. Shekara arba'in da shida ana ruwa a Jajaye bai taɓa kusurwar nan ba sai da kuka zo. Ina zargin leburorinka sun taimaka wa ruwan. Kwanso kuma maharba ma suna zubarwa.

Duk da haka, amsa mini daidai, ba tare da ƙawa ba: su nawa ne, kuma yaya suke kwance?

A. Muntaka

Rogo, 30 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Su uku ne, a jere. Kowa a kan damansa, fuska gabas, an rufe shi da fasassun randuna kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi. Mun kira liman, mun mayar da ƙasa.

Wani ya tsaya ya yi musu sutura a tsanake. Ko hannun da ya binne shi ne ya harba, ƙasa ba ta gaya mini ba, ni ma ba zan ƙaga ba. Ban faɗa wa Gwaggo Tani ba tukuna. Kullum tana aiko mana da fura, tana tambaya.

Ɗanka,
Lukumanu

Karaye, 4 ga Yuli

Lukumanu,

Bayan gaisuwa. A shekarar nan ta 1942 mahaifiyata ta wayi gari randunanta uku sun ɓace. Ta rasu ba ta magana da maƙwabciyarta saboda zargin ita ta ɗauke su. Mahaifina yana ji, bai taɓa cewa komai ba.

Ka rubuta sunansa cikakke a rahotonka, ka ce shi ya binne su. Wajen wanda ya harba, ka rubuta ba a sani ba, domin ni ma ban sani ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Kada Tani ta ji daga bakin baƙo. Zan zo ranar Juma'a bayan masallaci, ƙarfe uku daidai. Ni zan kai ta wurin.

Allah ya jiƙansu duka.

Aƙilu ɗan Muntaka