Na Gudu da Mai Taya, In Ji Waƙar Mijina

Malama Saude, don Allah ki taimake ni kafin bikin baje kolin amfanin gona na garinmu, in ba haka ba kunya za ta kashe ni.

Mijina Delmer mai gyaran firji ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya duka, kiɗan jita ne kawai jarabarsa. Bana da hutu ya kwashe mu a mota, ni da Mama da 'yarmu Twila, wai za mu birnin Nashville da ke jihar Tennessee ziyarar wuraren mawaƙan karkara. Ziyara kam mun sha ta. Mun ga bukkar da aka haifi wane, mun ga motar da wane ya faɗa rami da ita, mun gasu a rana muna kallon wurin ninƙaya mai siffar jita. A gidan tarihi Delmer ya tsaya gaban takalmin wani mamaci a cikin gilashi yana sharɓar hawaye. Mutumin da ranar jana'izar babana yake tambayar ko akwai sauran kaza! Mama ta ce, "Delmer, in takalmi kake wa kuka, ai na marigayi na nan a gida, har ƙafa biyu."

Duk na daure. Ranar ƙarshe ya kai mu wani gidan abinci inda kowa ke iya hawa dandamali ya rera tasa. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in ɗauke shi. Na miƙe tsaye ina murmushi kamar wawuya. Malama, waƙar a kaina ce, da sunana ƙarara. Wai na tashi da asuba, na sace masa a-kori-kura, na ɗauke karensa, na gudu da Orville mai taya. Orville fa mutum ne mai rai. Shagonsa na sayar da taya yana kallon cocinmu, matarsa Nadine kuma a bayana take zama kowace Lahadi. Ni ko a-kori-kurar ban iya tuƙawa ba, karen kuma ni ke ba shi abinci.

Aka yi ta tafi. Wata a teburin kusa da mu ta share hawaye ta dafa ni ta ce, "'Yar'uwa, irin waɗannan matan sai dai Allah ya isa. Ke ƙanwarsa ce?" Twila ta ja hula ta rufe fuska, ba ta ɗage ta ba har muka baro Tennessee.

Da na yi masa magana a mota sai ya ce, "Haba uwargida, waƙa ce fa. Wa zai tafa wa mutumin da matarsa ke gida tana soya masa kaza? Duk waɗanda muka ga gidajensu haka suka yi." Na ce to Orville fa? Wai sunansa ne ya hau kiɗan daidai.

Yanzu ya ba da sunansa zai rera ta a bikin, gaban kowa da kowa. Gaskiya tun aurenmu ban taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba, har fito yake yi yana gyaran firji. In na hana, na kashe masa abu ɗaya da yake so. In na bari, da wane ido zan kalli Nadine?

Wadda ta gudu a waƙa kawai

*

'Yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri. Na yi dariya, sannan na nemi gafara, domin mutuncinki ba abin dariya ba ne.

Bari in ba Delmer haƙƙinsa. Na daɗe ina jin waƙoƙin nan, kuma da wuya ki ji wanda matarsa ta zauna. Bai tsane ki ba, yana kwaikwayon masu takalman ne. A Nashville ba wanda ya san ki, ƙaryar ta tsaya a ɗakin da aka yi ta. Garinku kuwa daban. Jingina wa matar aure alfasha da sunanta ƙazafi ne, jita ba ta sauya masa suna. Kuma mutum uku zai shafa: ke, da Orville da bai san hawa ba bai san sauka ba, da Nadine. Mutanen gari za su manta da kiɗan kafin su kai gida, labarin ne zai zauna.

Kada ki hana shi waƙa. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki ce ya sauya sunayen biyu da sana'ar, sunaye ba su ƙare a duniya ba. Hoton da ke wayar kuma ya goge shi a gabanki. In ya dage cewa waƙa ce kawai, ki yarda, da sharaɗin ya fara rera ta a falon Orville, yana kallonsa ido cikin ido. Mai taya ba ya rasa ƙarfe a kusa. Ina jin Delmer zai gano wani sunan da ya fi hawa kiɗan.

Ke ma ga naki. Maganar kaza ranar jana'iza tana cin ki, har kin sako ta a wasiƙar da ba ita ta kawo ki ba. Ki faɗa masa a fili, ku biyu, a wuce wurin.

In duk wannan bai yi ba, ki ba da sunanki a bikin, bayan nasa. Kina da baiti a kan mutumin da ya yi wa takalmi kuka, kuma naki gaskiya ne. Mama za ta yi amshi.

Allah ya bar ku tare, ke da shi da karen.

Malama Saude