Sunayen da Baba Zai Kira a Talampaya

Pagancillo, La Rioja
Ƙarshen watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Evaristo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Itziar da 'yarku Maite, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Allah ya kare ku daga sanyin Bilbao, can ƙasar Spain, da ruwan samanta da ba ya ɗaukewa, ya sa albarka a aikin hannunka, ya raya maka yarinyar. Mu nan muna nan yadda ka san mu, sai godiya. An fara tsinkar inabi, kuma bana ƙanƙara ba ta taɓa gonar ba. Mijina Fermín yana fama da bayansa, amma hakan bai hana shi kwanciya a ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurarsa ba, yana lallashinta kamar jaririya. Gwaggo Ermelinda ta ƙara tsufa ta ko'ina ban da baki.

Na san za ka ce me ya sami Azucena ta koma rubuta takarda alhali ga waya. Dalilin shi ne na gane ka. Duk ranar da na ɗauko magana mai nauyi a waya, sai layi ya lalace a wajenka, ko maigidanka ya ƙwala maka kira. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta, don haka nemi wuri ka zauna.

Maganar Baba ce. Idonsa na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ma inuwa-inuwa yake gani. Zuciyarsa tana yi masa wasa, tunaninsa kuma yana zuwa yana komawa. Wata rana zai lissafa maka awakin da ya yi kiwo tun yana saurayi, kowace da kamanninta, wata rana kuma ya tambaye ni ko ya ci abinci alhali cokali na hannunsa. To a cikin wannan hali ne ya tashi wata safiya ya ce a fito masa da takalman tafiyarsa, wai da kaka ta shiga, zafi ya karye, zai yi zagayen da ya saba yi da mu muna yara: kwazazzabon Talampaya, daga nan Ischigualasto, a ƙarasa har Quijadas, kuma duk inda ƙafa take shiga da ƙafa zai shiga. Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ta ce masa tsoho kamarsa da ke neman mai riƙe shi zuwa banɗaki, ina shi ina hawan dutse, ya zauna ya ci tuwon masararsa ya jira mai kira. Shi kuma ya ce mata ita da tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce bakin kasuwa ba, me ta sani game da tafiya, ta ja bakinta ta yi shiru. Haka suka wuni, ni ina tsakiya.

Na kai shi wurin likita a Villa Unión don a hana shi da bakin da ya fi nawa. Likitan ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya ja ni gefe. Ya ce zagaye uku kam babu shi, ko a mota. Amma idan akwai wuri ɗaya da ransa ya fi so, a kai shi bana, kada a ce sai baɗi. Na fito na sami Baba a benci yana gyara hularsa, na rasa inda zan sa idona.

Saboda haka mun tsaya a kan Talampaya kaɗai, safiya ɗaya. Mun sa ranar a cikin Afrilu, satin da ke bin Ista, lokacin da baƙin Buenos Aires sun koma gida, ruwan bazara kuma ya daina cika rafin ba zato. Fermín zai kai mu ƙofar gandun dajin, don gwamnati ta killace wurin. Ka san yanzu ba a shiga sai da jagora mai izini, kuma wannan ya ƙona wa Baba rai ƙwarai. Ya ce shi da ya kwana a gindin waɗannan duwatsu da awaki tun ba a kafa ko allo ɗaya ba, yau shi za a nuna wa hanya. Allah ya taimake mu da Griselda, 'yar maƙwabcinmu mai gidan burodi, wadda ka bari tana rarrafe, yanzu jagora ce a can. Ta zo har gida ta durƙusa kusa da kujerarsa, ta ce, Kaka, ai ni rakiya kawai zan yi, ku ne a gaba, ni ina baya da gorar ruwa. Ya ce to in haka ne ya yarda, amma kada ta cika shi da surutun da suke yi wa baƙi. Ta yi alkawarin shigar da mu da sassafe kafin manyan motoci su iso, mota ta sauke mu a bakin kwazazzabon, sauran mu taka a hankali a kan yashi, muna hutawa a inuwar itatuwa.

Tun daga ranar gidan ya koma na shiri. Na kai takalmansa an sake musu ƙasa. Na sayi kujera mai naɗewa, wadda ya rantse ba zai zauna a kai ba. Na ware magungunansa, na yi wa Gwaggo maganar cukun akuya da zabibi na guzuri. Kullum da safe yana zagaya dandalin gari da sandarsa, wai yana horar da ƙafa, ni ina bin sa a baya kamar ban san shi ba, don idan ya gan ni faɗa ne. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin ganin sa haka. Rabon da ya tashi da wani abu a ransa tun rasuwar Mama.

Ka tuna Bututu, wannan dogon lungu da ya tsaga jan bangon dutsen tun daga ƙasa har sama, inda baƙi ke taruwa su yi ihu su ji dutse ya maido musu, suna tafi. Ka kuma tuna cewa mu a gidanmu ba wurin wasa ba ne. Tun daga kakanmu, matattu kaɗai ake kira a nan. Baba zai cire hula, ya shiga lungun shi kaɗai, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya jira dutse ya amsa kafin ya kira na gaba. Idan ka manta, kuncinka bai manta ba, ranar da ka ruga ciki ka ƙwala sunana don tsokana, ya ɗauke ka da marin da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba, ya ce ba a kiran mai rai a nan. Abin da ba ka gani ba, don ba ka nan, shi ne yadda ya yi da Mama. Bayan an binne ta, wata da watanni yana sa a ajiye mata faranti, yana juyawa ya yi mata magana. Da kaka ta zo muka je, ya kira sunanta, Clorinda, dutse ya amsa. Muna dawowa gida ya ɗauke farantin da hannunsa. Daga ranar bai sake ambatar sunanta a cikin gidan nan ba, sai dai can, shekara-shekara.

Ranar Lahadin da ta wuce da la'asar muna zaune a ƙarƙashin rumfar inabi, ni da Fermín da Gwaggo, ana zagaya shayin mate. Sai Baba ya miƙe ya je ya fuskanci bangon ɗakin ajiya, ya ce muryarsa ta yi rauni, bari ya gwada ta kada ta ba shi kunya a gaban dutse. Ya cire hula. Ya kira mahaifinsa. Ya kira ƙaninsa Tiburcio. Ya kira Mama, har muryar ta ɗan karye. Na ɗauka ya gama, na miƙa hannu zan karɓi mate. Sai ya ja numfashi ya kira Evaristo. Fermín ya tsaya da buta a hannu, ruwan zafi na zuba a ƙasa bai sani ba. Gwaggo ta yi alamar gicciye ta ce, kai Nicasio, ka haukace ne, yaron yana can da ransa, har da mata da 'ya. Baba ya mai da hularsa, ya dawo ya zauna, ya ce a zuba masa.

Na yi duk abin da zan iya. Na kawo hotonka da Maite a kafaɗarka, ya kai shi dab da idonsa mai gani, ya ce wannan mai furfurar bai san shi ba, ɗansa gashinsa baƙi ne wuluk. Na tuna masa cewa ko a Kirsimeti kun yi magana a waya. Ya ce wannan muryar ta cikin akwati, mai magana kamar mutanen Spain, ba ta ɗansa ba ce, kuma shi ma rediyo yana magana. Na ce to wa yake fita jira a bakin titi duk ranar da motar La Rioja za ta wuce? Don har yanzu yana yi, Evaristo. Yakan ja kujera ya zauna har motar ta wuce, ya dawo ya ce yau ma ɗansa bai samu wuri a motar ba, wataƙila mako mai zuwa. Ya ce ai shi ya sa. Ya gaji da zaman bakin titi. Ya ce wanda yake raye yakan zo ya binne uwarsa, tun da bai zo ba, to wani abu ya same shi a can, mu ne muke ɓoye masa.

Wallahi ban sani ba ko mantuwa ce ke magana ko shi ne. Wani lokaci ina kallon fuskarsa in ga kamar ya san abin da yake yi sarai, kuma wannan ya fi tsorata ni. Na san uzurinka na wancan lokaci, ni ce ma na yi ta bayyana wa mutane: ba ka da takardu, in ka fito ba za ka koma ba. Na kare ka a gaban Gwaggo, na kare ka a gaban duk garin nan. Amma takardun sun fito tun Maite ba ta fara tafiya ba, kuma kowace shekara sai ka ce baɗi. Ina jin haushinka, gara in faɗa maka da bakina. Ina kuma kewarka, har ban san wanne ya fi yawa ba.

Fermín ya ba da shawara mu ce motar ta lalace, mu yi ta ja har sanyi ya shigo, maganar ta bi ruwa. Da motar tasa ba ma sai mun yi ƙarya ba. Na kwana biyu ina juya abin, na ga ba zan iya ba. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, kowa ya sani, shi ma ina jin ya sani. In hana shi kiran Mama sau ɗaya da ya rage masa, don in kare sunan wanda bai zo ba? Na je wurin Fada, limamin cocinmu, ya ce in kwantar da hankalina, kiran suna a gindin dutse ba ya kashe kowa. Ai na san haka. Ba mutuwarka nake tsoro ba, Allah ya ba ka tsawon rai. Abin da nake tsoro shi ne mu dawo gida ya ɗauke kujerar nan daga bakin titi da hannunsa. Daga ranar, ko ka zo ka durƙusa a gabansa, baƙo zai gani, ya sa a ba ka ruwa, ya tambaye ka daga ina.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. Ka zo kafin Ista. Ba sai da tsaraba ba, ba sai ka daɗe ba. Ka zo ka zauna kusa da shi a ƙarƙashin rumfa, ya taɓa fuskarka, ya ji warin jikinka, ya zage ka son ransa. Hannunsa bai manta abin da idonsa ya manta ba. Ka nemi takalmi mai ƙarfi da hula mai faɗi, don zaman can ya sa ka yi laushi, kuma kai za ka riƙe shi a kan yashi, Fermín da ciwon bayansa ba zai iya ba. In kuma ba za ka zo ba, ka faɗa mini gaskiya a rubuce. Kada ka ce mini za ka duba.

Ka gaishe mini da Itziar da kyau, ka ce mata na gode da haƙurin zama da kai. Ka sumbaci Maite, ka gaya mata tana da gwaggo mai faɗa a wani gari mai jan dutse. Fermín yana gaishe ka. Gwaggo Ermelinda ta ce in gaishe ka, in kuma ƙara da wata kalma da ba zan rubuta ba. Griselda ma ta ce a gaida kawun da ba ta sani ba.

Kafin in rufe na je na sami Baba, na ce ina rubuta maka takarda, ko yana da saƙo. Ya ce in daina wahalar da kaina, inda kake ɗan aike ba ya kaiwa, abin da zai gaya maka zai gaya maka a gindin dutse. Zan kai shi, Evaristo, ko ka zo ko ba ka zo ba, kuma ba zan toshe masa baki ba. Zan tsaya a bakin lungun in riƙe masa hula. Idan ya gama da Mama ya ja numfashi ya kira sunanka, ina so amsar ta fito daga bayana, kafin dutse ya riga ka.

Yayarka da ke jira,
Azucena Ormeño