Takardar Ardo Dikko da Ka Kulle

Kwanar Dangora,
Jihar Kano.
18 ga Yuli, 1999.

Zuwa ga ɗana Rufa'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, a can Jamus. Allah ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka, ya tsare maka addininka. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna sosai, masarar babanku ta gonar bakin titi ta wuce ƙugu, ciwon gwiwarsa kuma ya yi sauƙi tun da ya daina gardama ya koma shan magani. Yayarka Kande ta sauka lafiya, an sami namiji. Ƙanwarka Asma'u tana nan, sai dai ta rame, kuma abin da ya ramar da ita shi ne ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Bara da ka aiko mata da kwamfuta don shagonta na buga wa mutane takardu, babu wanda ya kai ni murna. Shekara ashirin da biyu na yi ina buga tafireta a ofis a Tudun Wada, na san wahalar da injin nan zai rage mata. Tana aikinta lafiya da tsarin da ya zo a ciki, wanda kowane mai shago a Kano yake amfani da shi, har ka zo Babbar Salla. Kwana uku kai da abokinka Shitu mai gyaran kwamfuta kuna zaune a shagon kuna musu, abinci yana hucewa a gabanku. Shi yana cewa a bar wa yarinya abin da hannunta ya saba da shi, kai kana cewa wannan tsarin ƙofarsa a buɗe take, duk faifan da aka cusa masa sai ya kwashi cuta, naka da kuke amfani da shi a jami'a shi ne mai tsaro. Har musu kuka yi a kan wanne ya fi aminci a cikin abubuwan da ake leƙa intanet da su, a shagon da ko wayar tarho ba a ja masa ba. Na yi dariya a lokacin. Daga ƙarshe ka goge nata ka zuba naka, ka koya mata inda za ta danna, tsofaffin takardun mutane kuma ka tattara su wuri guda ka kulle da kalmar sirri, ka ce kafin ka tafi za ka buɗe mata. Ka tafi ba ka buɗe ba.

Na san Asma'u ta faɗa maka abin da ke cikin takardun nan a waya, amma na ga alama ba ka ji da kunnen basira ba, don haka bari in maimaita. Mako biyu kafin Salla, Ardo Dikko na rugar da ke bayan Badafi ya zo shagon, ɗansa Hamman yana riƙe da hannunsa. Kai ba ka san shi ba, amma nonon da na yaye ka da shi daga garkensa yake zuwa. Manoma biyu sun shiga burtalin da shanunsu ke bi zuwa rafi, kwamitin sasanci ya ce a kawo bayanin iyaka a rubuce. Tsohon nan shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tsaya ranar da aka shata hanyar. Tun hantsi har la'asar yana lissafa wa Asma'u alamomi, daga tsamiya zuwa dutse, daga dutse zuwa tsohuwar rijiya, da taku nawa ne a tsakani, da sunayen dattawan manoma bakwai da suka shaida, waɗanda 'ya'yansu suke raye za a iya kiransu. Inda Hausa ta ƙwace masa sai ya koma Fillanci, Hamman ya fassara. Ta rubuta da hannu, ta buga a kwamfuta, ta karanta masa, ya ce haka ne. Tawadar firinta ta ƙare ranar, aka ce sai an kawo daga Kano bayan Salla. Kwana tara da tafiyarka Allah ya yi wa Ardo rasuwa.

Za ka tambaya ina rubutun hannun. Ta ƙone shi, kuma ni na koya mata haka. Tun tana ƙarama take ganin ina ƙone zayyanar takardun mutane da zarar na buga, don kada a wayi gari a ga sirrin wani an ƙunshe ƙosai da shi a tasha. Wannan ƙa'ida ban taɓa karya ta ba, ita ma na hana ta karyawa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, ni a zamanina ba na ƙonewa sai takarda ta fito daga tafireta da kabon ɗinta biyu a hannuna. Na ba ta rabin ƙa'ida na bar rabi. Wannan laifina ne, na ɗauka, kuma na faɗa wa Hamman da bakina. Yanzu saura naka.

Shitu ya zo sau biyu daga Kano, ya yi gumi a gaban injin, ya ce ko shekara zai yi ba zai iya ba, makullin naka ba irin wanda ake ɓallewa ba ne. Ya faɗa kamar yabonka yake yi. Sai Asma'u ta shiga mota har Kano don ta kira ka a wani shagon waya. Ta dawo min da amsarka idonta jawur. Wai ka ce kalmar nan ita ce kuma take buɗe ayyukanka na makaranta, ba a faɗar irinta a wayar shago inda kunnuwa suke da yawa, ba a kuma rubuta ta a wasiƙar da hannu goma zai taɓa. Wai kwamiti ai kullum ɗage zama suke yi, ta kwantar da hankalinta, a Disamba za ka zo ka buɗe da kanka. Rufa'i, wane ɓarawo ne yake tsaye a shagon waya a Kano yana jiran kalmarka don ya tafi Jamus ya karanta aikin makarantarka? Ka tsaya kana gadin abin da babu mai nema, ka bar wanda ake ci a gaban idonmu. Kuma ko da akwai ɓarawon, ashe ba za ka iya sauya taka kalmar a can ba, ka ba ƙanwarka tsohuwar? Ni da iyakata sakandare na yi wannan tunani. Kai ba ka yi ba, domin ba ka zauna ka yi tunanin kowa ba.

Kwamiti bai ɗage ba. Kafin ranar zama na sauko da tafiretata daga saman kabad, muka zauna da Asma'u da Hamman muna haɗa abin da za su iya tunawa. Alamomi huɗu suka dawo, sunaye uku cikin bakwai, lissafin taku kuwa babu ko ɗaya. Mutanen kwamiti ba su zalunci kowa ba, sun saurara, sun ce ba za su tumɓuke shukar mutum a kan ƙila da wataƙila ba. Aka bar wa shanu wata siririyar hanya wadda saniya biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Ranar Talatar da ta wuce Hamman ya kwashe iyalinsa da garken suka nufi wajen Doguwa. Rugar da ta shekara fiye da hamsin a wurin, yanzu sai turaku. Asma'u kuwa mutane sun fara ɗauke ƙafa daga shagon, ana cewa injinta yana haɗiye takarda ya ƙi mayarwa. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce kai ne ba.

Ban ce tsarinka ba shi da kyau ba. Mai yiwuwa duk abin da ka faɗa wa Shitu gaskiya ne, ni ban san wannan ilimin ba. Abin da na sani shi ne ka zaɓa wa kanka abin da ranka yake so a kan teburin da ba kai za ka zauna ba, ka sa wa amanar mutane makulli, ka zura mabuɗin a aljihu ka haye jirgi. Ba haka na rene ka ba. Karatun da zai sa mutum ya ji kukan ƙanwarsa a waya ya amsa mata da ƙa'ida, akwai gyara a cikinsa.

Kafin Hamman ya tafi ya biyo ya yi min sallama. Bai yi ƙorafi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce hanya ta riga ta tafi, abu guda yake roƙo, in an buɗe injin a fitar masa da maganar mahaifinsa, ya sa a jakarsa, 'ya'yansa su san kakansu ya san ƙasar nan taku-taku. Na yi masa alkawari. Saboda haka ka sauya kalmarka a can, ka rubuto tsohuwar a bayan wannan takarda da manyan baƙaƙe, ka mayar min da ita. Ba zan jira Disamba ba, kada kuma ka aiko min da bayani.

Ka gaishe min da matarka Hasana, ka shafa min kan 'yar jikata Balaraba. Babanku yana gaishe ka, haka Kande da mijinta Mudi, da kawunka Idi. Asma'u ma ta ce in gaishe ka, na rubuta kamar yadda ta ce. Wannan wasiƙa a tafireta na buga ta, kabon ɗinta yana cikin akwatina.

Allah ya shirya min kai, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Saudatu Adamu.